Wace kalma za mu ba "interoperability"?

Jama'a, ina fassara wani bayani kan rediyon oba-oba na 'yan kwana-kwana a Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: interoperability, wato rediyon hukumomi daban-daban su iya magana da juna. Bari in fara da abin da masu aikin ke nufi da ita, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Ranar 11 ga Satumba 2001 a birnin New York, 'yan sandan da ke shawagi cikin jirgi mai saukar ungulu sun ga alamar hasumiyar arewa ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya za ta rufta, suka sanar ta oba-oba. 'Yan uwansu 'yan sanda suka ji. 'Yan kwana-kwana kuwa layinsu daban, gargaɗin bai shiga rediyonsu ba. Mutum 343 suka rasa a ranar. Ba wannan kaɗai ne sanadi ba, amma tun daga nan kalmar ta zauna a bakin hukumomin agaji.

Wani lokacin ma na'ura lafiyarta lau, suna ne matsalar. Mitar rediyo 154.280 MHz ta 'yan kashe gobara ce da ake taruwa a kanta idan wuta ta fi ƙarfin gari ɗaya. A Kalifoniya ana ce mata White 1, wasu jihohin kuma kowa da sunan da ya laƙaba mata. Sai a ce wa baƙon ma'aikaci ya koma layi kaza, ya duba rediyonsa ya rasa, alhali layin na ciki da wani sunan. A 2010 aka fitar da tsarin suna na bai ɗaya, ta zama VFIRE21 a ko'ina. Akwai VCALL10 na kira, idan an samu juna sai a koma VTAC11 zuwa VTAC14 a yi aikin, a bar layin kira ga na baya.

To, ga kalmomin da mutane suka kawo mini don fassara ta.

Haɗin gwiwa: a'a. Wannan niyyar mutane ce, kuma ranar nan kowa na da ita. Sadarwa ta yi faɗi. Jituwa ta ja hankalina, sai dai idan ka rubuta "rashin jituwa tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana", mai karatu zai ɗauka faɗa suka yi.

Ni dai na tsaya kan jiyayya. Ƙirarta irin ta sanayya da tarayya da soyayya ce, abin da ba ya yiwuwa sai da ɓangare biyu: in ji ka, ka ji ni.

Wata malama ta ja da ni, ta ce jiyayya tuni tana nufin zaman lafiya tsakanin mutane, kuma kalmar Turancin ta shafi kwamfutoci, su kuwa ba su da kunne. Malama, maganarki ta farko gaskiya ce, na karɓa, shi ya sa zan riƙa cewa jiyayyar rediyo ko jiyayyar na'urori. Ta biyun ce ban yarda ba. Ji a Hausa ya wuce kunne. Ciwo yana jin magani, mota tana jin birki, wane yana jin Larabci. Wannan na ƙarshen ma shi ne daidai wurin: rediyon P25 na Amurka da na TETRA da ya yaɗu a Turai, ko ka ɗora su kan mita ɗaya, ba sa jin yaren juna.

Channel kuwa na ce layi, ban ce tasha ba, domin tasha ɗaya ke magana sauran na saurare, nan kuma kowa na danna maɓalli ya yi tasa. Zango na bar wa band, tunda kunnenmu ya saba da gajeren zango. Channel plan ya zama jadawalin layuka.

Ga gwaji: "An daidaita jadawalin layuka don a samu jiyayya tsakanin 'yan kwana-kwana da motocin asibiti." Wanda ya karanta ya ji tuntuɓe, ya nuna mini wurin. Saura talkgroup, wato rukunin masu rediyo da aka ware su riƙa jin junansu, ita har yanzu ban samo mata ba.