Shawarwari kan farfaɗo da unguwannin masu sana'a a birnin Kano

A tattaunawar da aka yi tsakanin marina, dukawa da wasu matasa masu shirya fina-finai, magana ta fi tsayawa a kan marinar Ƙofar Mata, wadda tarihi ya nuna an kafa ta a 1498, amma yau ramukan rini da dama sun bushe, wasu kuma shara ta cike su. Dattawan marina sun ba da shawarar a yashe ramukan, a gyara magudanar ruwa, sannan a yi rumfa inda baƙo zai zauna ya ga yadda ake jiƙa baba da toka, a tsoma ƙyalle, a ɗaga shi ya sha iska har ya rine ya yi shuɗi, domin wanda ya ga wahalar aikin da idonsa ba ya yi wa kayan tayin wulaƙanci. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Matasan sun kawo misalin titin Gidan Zoo, inda taruwar ofisoshin fina-finai ta samar wa teloli, masu abinci da masu gyaran kwamfuta abin yi, sai dai sun yi gargaɗi cewa da zarar unguwa ta yi suna, kuɗin haya yakan tashi ya kori waɗanda suka raya ta. Saboda haka suka nemi a riƙa rubuta yarjejeniyar haya ta shekaru, a kuma yi karo-karo a sa wutar sola.

Dukawa sun roƙi a shata hanyar ziyara daga gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama zuwa Kasuwar Kurmi, wadda za ta ratsa ta rumfunansu, a kuma riƙa turo musu yara su koyi aikin fata.