Murhun gwangwani ko na gas: wanne za mu ɗauka zuwa Gashaka?

Ɗan Auta: Salam. Tunda mun tsayar da tafiyar gandun dajin Gashaka-Gumti, ga maganata: murhun gwangwani mai ci da sifirit ya fi na gas ga mai tafiya da jaka a baya. Gindin gwangwanin Maltina biyu na yanke, na cusa ɗaya cikin ɗaya, na huda bakin da ƙusa. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Ƙaramar tukunyar gas kuwa wajen giram 200 ce, ban da kan murhun, kuma ko ta ƙare sai ka dawo da ita a baya.

Yaya Babba: Ƙanena, a kan tebur ka gwada shi, ko a fili? Ni na gwada a tudun Shere cikin sanyin Jos. Iska na kaɗawa, wutar na kwanciya gefe kamar mai jin barci. Tafasa rabin litar ruwa ya ci kusan minti 15, ƙarshe sai da na ƙara mai. Na gas minti uku zuwa huɗu ya gama.

Ɗan Auta: Ai ba ka sa masa kariya ba ne, Yaya. Ka kewaye shi da falle na alminiyam, ka rufe tukunya, minti bakwai ko takwas ya tafasa. Ina za mu da gaggawa a daji? Kuma shiru yake ci, ba ya huci.

Malam Mai Kimiyya: Kowannenku da gaskiyarsa, amma lissafin ya dogara da kwanaki. Kilo ɗaya na itanol, wato ainihin sinadarin sifirit, yana ba da zafi kamar megajul 27 (ma'aunin makamashi ne), na gas kusan 46. Wato sai ka ɗauki wajen ninki biyu na sifirit kafin ka kamo gas. Kwana biyu ko uku, mutum ɗaya, shayi da Indomie, gwangwani ya ci gasa. Da tafiya ta doshi mako, ko aka ce girkin mutum biyar ne, nauyin man ya cinye ribar. Mu kuma mu shida ne, kuma dutsen Chappal Waddi da ke gandun tsayinsa mita 2,419 ne, ba tafiyar yini ba ce.

Kawu: Ku dakata. Wannan sifirit ɗin ba ɗan'uwan giya ba ne? In ya zube min a riga, in yi salla da ita?

Malam Mai Kimiyya: Kawu, wannan ta fi ƙarfin ajina. Malamai sun yi saɓani a kan irin wanda ba na sha ba, kamar na turare da na asibiti, sai a tambaye su. Abin da zan ce kawai, ana gauraya shi da metanol, wanda ke makantarwa har ya kashe. Kada wanda ya zuba shi a gorar ruwa ba tare da alama ba. A duba jikin kwalbar kemis kuma: in isopropyl ne, wato wani nau'in sifirit daban, baƙin hayaƙi zai yi wa tukunya.

Na Colorado: Ni abin da ya dame ni ba nauyi ba ne. Wutarsa da rana ba a ganinta. Na taɓa zaton ta mutu, na karkata kwalba zan ƙara, sai jin zafi na yi a bayan hannu, gashin ya babbake, kwalbar na wurgar cikin tsakuwa. Allah ya sa ba ciyawa ba ce. A nan, a Mayun 2012, irin wannan murhun ne ya tayar da gobarar Hewlett kusa da birnin Fort Collins na jihar Colorado, ta ci sama da eka 7,000. Shi ya sa in aka sa dokar hana wuta a yammacin Amurka, galibi murhun da ke da makunni kaɗai ake bari. Gwangwaninka in ya kife, me za ka murɗa?

Ɗan Auta: To ai kamfanin Trangia na ƙasar Suwidin tun shekarun 1950 ake amfani da murhunsu mai kariyar iska, yana da gindi mai faɗi da murfin kashewa. Ba kowane na sifirit ne gwangwani ba.

Yaya Babba: Ka ga ka sauka daga maganarka. Trangia da tukwanensa ya doshi kilo guda, ina rashin nauyin kuma?

Ɗan Auta: Na ji. Amma ku faɗa min shagon da za a samu ƙaramar tukunyar gas irin wadda ake murɗa kan murhu a bakinta tsakanin Jalingo da Serti. Jirgi ba ya ɗaukarta, Na Colorado ba zai iya kawo mana ba. Sifirit kuwa ko a kemis ɗin ƙauye.

Kawu: Ni dai a Janairu za mu, ciyawa ta bushe ƙarau, ga iskar hunturu. Kafin kowa ya huda gwangwani, a kira ofishin gandun da ke Serti a ji abin da suka yarda a kunna. Ɗan Auta, kai ka kawo maganar, kai za ka kira.

Ɗan Auta: Gobe da safe insha Allahu, Kawu. Yaya, ka leƙa masu kayan zango a Abuja ka ji kuɗin gas ɗin.