Ayyuka uku a coci sun fi ƙarfina: wanne zan ajiye, kuma yaushe?

Maman Rahila (Garwa): Salama gare ku 'yan'uwa. Ayyuka uku ke hannuna a paruwas ɗinmu, wato cocin Katolika na yankinmu: ajiyar kuɗin zumuntar mata, koyar da masu shirin baftisma ran Asabar, da wankin ƙyallayen bagadi. Muna mako na biyu na azumin kafin Ista. Da na haɗa lissafin shekara sai na ga giɓin sefa 18,500. Ban ci ba, ban kuma san inda suka shiga ba. Sau uku ina kai maganar wurin furta zunubi, amma barci ya ƙi zuwa. In cike daga aljihuna in yi shiru, ko in faɗa wa kwamiti? Kuma wanne aiki zan ajiye, yanzu ko bayan Ista?

Saratu M.: Mama, ki yi addu'ar kwana tara, ki ba da a yi miki Mas, wato ibadar jibin Ubangiji da Fada ke yi. Kada ki ajiye komai, ba a gajiya da aikin Allah. Ki tuna Baba Simon, Fadan nan da ya zo arewacin Kamaru a 1959, yana hawa duwatsun Tokombere ba takalmi.

Malam Yakubu (Marwa): Maman Rahila, kada ki sa ko dala daga aljihunki tukuna. Wanda ya cike giɓi a ɓoye bai toshe inda tulun ke yoyo ba, baɗi ma zai sake biya. Ki kira sakatariya da mace ɗaya mai natsuwa, ku baje littafi, takardun sayayya da jerin sunaye, ku bi wata-wata. Ku fara da lissafin dala, don nan ya fi kama mutane. An aiki yarinya kasuwa, ta dawo ta ce ta kashe ɗari biyu, tana nufin dala, wato sefa 1000, ke kuma kin rubuta 200. Giɓin 800 ke nan a layi ɗaya, kuma kuɗin ba su ɓata ba, alƙalami ne ya ɓatar da su. Duk layin da kika ga kuɗinsa ya yi wa kayan kaɗan, ki ninka shi sau biyar ki gani. Daga nan ku duba kuɗin cirewa na Orange Money ko MoMo, wanda kusan ba mai rubutawa. Saƙonnin na nan cikin waya da ranakunsu. Sai zanen zumunta: a sa wa mace alamar ta biya alhali rabi ta bayar. Akwai kuma kuɗin gaisuwar rasuwa da ake ɗauka da dare cikin gaggawa ba takarda. Abin da ya rage bayan wannan, ki karanta shi gaban kwamiti da bakinki, a rubuta a littafin taro.

Dauda (Injamena): Maganar dala gaskiya ce. A nan Chadi riyal ake cewa a kasuwa, shi ma sefa 5 ne. Doka ɗaya: a littafi a rubuta sefa kawai, kuma mutum biyu su ƙirga su sa hannu kafin kuɗi ya bar harabar coci.

Katakis Bulus, mai koyar da addini a coci (Yagwa): Mama, bari in taɓa wajen barcin. Kafin abu ya zama babban zunubi sai sharuɗɗa uku sun haɗu: abin ya zama mai nauyi, mutum ya san laifi ne sarai, ya kuma yi da gangan. Kuskuren lissafi bai da na biyu, bai da na uku. Abin da aka furta aka kuma gafarta, ba a sake ɗauko shi. Maimaitawar ce ma ke ciyar da damuwar: yau a ji sauƙi, jibi shakka ta dawo cewa ba a faɗa daidai ba, sai a nemi wani Fada. Maganinsa, ki tsaya ga Fada ɗaya, ki gaya masa a fili cewa kin riga kin furta wannan sau uku, ya sa miki lokaci, misali sau ɗaya a wata, ki bi abin da ya ce. Ki karanta 1 Sarakuna 19. Da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, ba wa'azi aka fara yi masa ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, har sau biyu.

Baba Ishaya (Mokolo): Ku dai kuna ta faɗin "ki gaya wa kwamiti" kamar kwamiti mala'iku ne. A wani ƙauye can bayan dutse akwai katakis da ya fi shekara ashirin yana riƙe da cocin, Fada na zuwa sau ɗaya a wata biyu. Shi ke jana'iza, shi ke sulhun ma'aurata, shi ke tara gero na baikon girbi. Wata shekara buhu biyu suka yi ƙasa, ƙwari da ɓera sun ci, don rumbun na yoyo kuma sau uku yana roƙon a gyara. Ya tashi da kansa ya faɗa gaban jama'a. Me ya samu? Aka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Matarsa ta daina zuwa rijiya da safe saboda bakin mutane. Ya sayar da akuyarsa ya biya, ya ajiye aikin. Da ciwo ya kwantar da shi, waɗanda ya koya wa addu'ar Ubangiji tun suna tsirara ba su leƙo ba. Ranar jana'izarsa kuwa coci ya cika, har da waƙoƙi. 'Yata, ki yi hankali da mutane.

Saratu M.: Wayyo Baba, Allah ya ji ƙansa. Wannan ya sa ni hawaye.

Dauda (Injamena): Haka ake yi wa katakis ko'ina. Aiki kamar na Fada, amma ba a tuna shi sai ran biso.

Malam Yakubu (Marwa): Baba, da girmanka, abin da ya kayar da bawan Allahn nan shi ne ya tsaya shi kaɗai, ba shaida, ba takardar roƙon gyaran rumbu. Shi ya sa na ce mata uku su zauna tukuna.

Malama Hannatu (Gaundare): Ba wanda ya amsa mata tambaya ta biyu. Ajin baftisma kada ki sake shi yanzu: Lahadi ta 3, ta 4 da ta 5 na azumi ake yi musu addu'o'in binciken zuciya na shirin baftisma, daren Ista a yi musu baftisma, sabon malami ba zai san wanda ya shirya ba. Wanki kuwa ki raba shi tun wannan makon, mata huɗu, kowacce mako ɗaya. Ki nuna musu sau ɗaya: ƙyallen goge ƙoƙon jibi a fara ɗauraye shi shi kaɗai cikin ruwa mai tsabta, a zuba ruwan a ƙasa gindin itace, ba a kwata ba, sannan sabulu da guga. Ajiyar kuɗi ki miƙa bayan Fentikos, lissafi a rufe. In wata ta ninke ƙyalle a karkace, ki bar shi haka, kada ki karɓe aikin.

Saratu M.: Malama, ba a cocin Lutheran kike ba? Ina kika san tsarinmu? Shi ma katakis ba Fada ba ne da zai ce wannan zunubi ne, wancan ba zunubi ba.

Katakis Bulus (Yagwa): Ƙanwata, ai wurin Fada na tura ta. Sharuɗɗan nan uku suna cikin katekisim, yara ma muna koya musu. Abin da Malama ta faɗa kan ƙyallen kuma daidai ne. Yetro da ya ce wa Musa ya raba aiki a Fitowa 18, ai firist ne na Madayana, wato baƙo ma na iya ba da shawara mai kyau.

Iliya ƙarami: Iyayena, in hutu ake nema a fara da rage sanarwar coci. Faransanci, Fulatanci, Hausa, ga zafin Garwa na watan Maris, har jariran da aka yi wa baftisma sun fara rarrafe ba a gama ba!

Saratu M.: Allah ya shirye ka Iliya. Mama, Mas ɗin da na ce sefa 1000 ne kawai.

Dauda (Injamena): Ina? 2000 ne, na Lahadi ma ya fi.

Baba Ishaya (Mokolo): A ƙauye 500 ake bayarwa, wani ma kaza yake kawowa.

Katakis Bulus (Yagwa): Ba saye ake yi ba, baiko ne. Bishof-bishof na yanki ke tsayar da adadin, kuma dokar ikilisiya ta ƙarfafa Fada ya yi wa matalauci Mas ko bai kawo komai ba. A tambaya a ofishin paruwas.

Baba Ishaya (Mokolo): To in haka ne, me ya sa mutum na kwance ba rai ake cewa a kawo katinsa na kuɗin coci na shekara? Iyali na kuka, sakatare na ƙirga shekarun da ba a buga hatimi ba.

Malam Yakubu (Marwa): Katin na da amfani, Baba, da shi ake biyan wuta da man babur na zuwa ƙauyuka. Laifin shi ne jiran ranar makoki. A bi bashin a watan girbi, unguwa-unguwa, lokacin da hatsi ke hannu.

Maman Rahila (Garwa): Na gode iyayena da ƙannena. Mun zauna mu uku, mun gano 6,400 a layukan dala, takwas ne cif. Sauran fa, in jira Fentikos ko in faɗa a taron wannan Lahadin?

Dauda (Injamena): Malam Yakubu, wane girbi? Wanda ke zaune a birni yana tura baro fa, yaushe ne watan girbinsa? Kuma gwauruwar da mijinta ya bar shekara huɗu ba hatimi, ita za ta biya ko 'ya'yan?