Ƙauye ko birni? Alhaji ya dawo daga yawon gidajen sarautar Jamus

Alhaji Mai Tirela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi ne da ni. Na je Jamus sayen kan tirela, na gama da wuri, sai ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya matsa lallai sai ya nuna mini tarihi. Muka ɗauki motar haya daga Würzburg, muka yanki kudu har Füssen a bakin iyakar Ostiriya, ta wata hanya da suke kira Romantische Straße, kilomita wajen 460. Me na gani? Ƙauyuka masu jan rufi, sai kuɗin fakin, kuɗin banɗaki, kuɗin shiga. Da muka isa gidan sarautar nan da ake bugawa a kalanda, Neuschwanstein, sai da na hau tudu da ƙafa har gwiwa ta amsa, aka zagaya da mu minti 30, aka hana ɗaukar hoto. Ashe ma a 1869 aka aza tubalinsa. 1869! Da famfo da banɗaki mai ruwa da wayar tarho a ciki. Ita kanta hanyar a 1950 aka raɗa mata suna don a jawo 'yan yawon buɗe ido. Wannan kasuwanci ne aka sa masa rigar tarihi. Ni ɗan kasuwa ne, in na ga talla ina gane ta.

Injiniya Stuttgart: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa. Amma ƙauyuka fa ka ce? Rothenburg da ke kan hanyar nan ce ƙauye?

Alhaji Mai Tirela: Garin da na zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, me sunansa in ba ƙauye ba?

Injiniya Stuttgart: Ranka ya daɗe, tun 1274 sarkin Jamus na lokacin ya ba Rothenburg takardar 'yanci, ba wani basarake a kanta sai shi, tana da majalisarta da kotunta da ƙauyukan da ke biya mata haraji. Haka ta zauna har farkon shekarun 1800 da aka haɗe ta da Bavariya. Garin da ke karɓar haraji daga ƙauyuka shi ne kake ce wa ƙauye?

Bazazzagi: Mutum nawa ne a ciki yau?

Injiniya Stuttgart: Wajen 11,000.

Bazazzagi: To ai shi ke nan. Ranar kasuwar Giwa an fi haka.

Malam Ticha: A'a, ku tsaya. Bahaushe ba da yawan kai yake auna birni ba, da ganuwa yake aunawa. Shi ya sa aka ce Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Konni. In gari yana da ganuwa da ƙofofi da mai mulki a ciki, birni ne ko da mutum 500 suka rage. Rothenburg tana da ganuwa, Dinkelsbühl tana da ita, Nördlingen ma haka. A Hausarmu ta gado duk birane ne. Alhaji dai ya yi saɓin baki.

Alhaji Mai Tirela: Malam, ban yi saɓin baki ba. Ƙarfe takwas na dare ba ka jin motsin kowa, ranar Lahadi ko ruwan leda ba shagon da zai sayar maka. Ƙauye.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya dame ni daban ne. Yaya Alhaji, an ce fassarar sunan hanyar nan Hanyar Soyayya. Ka tafi Hanyar Soyayya da ɗan ƙanwarka ka bar Hajiya a gida? Zan kira ta yanzu.

Ɗalibi Würzburg: Anti, ba soyayyar miji da mata ake nufi ba, begen zamanin dā ne. Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ka bar rabin labarin. A Nördlingen ai kai ka ce mu ƙara zagaye ɗaya a kan ganuwa. Kilomita biyu da rabi da ɗoriya ce, da rufi a kanta, kana tafe har ka dawo inda ka fara ba ta yanke ba. Kuma garin duka a cikin wani ƙaton rami yake zaune, faɗinsa wajen kilomita 25, inda dutse daga sama ya faɗo shekara miliyan 15 da suka wuce. Ka ce Allah mai iko har sau nawa?

Alhaji Mai Tirela: Kai yaro, manya na magana.

Bakatsine: Shekara miliyan 15 wa ya ƙirga?

Injiniya Stuttgart: Masana duwatsu. Kada mu shiga nan don Allah. Maganata ita ce, mutanenmu in ba su ga cunkoso da hon da bene mai hawa 20 ba, sai su ce ƙauye. Alhali ƙanƙantar garuruwan nan ita ce dalilin da suka tsira. Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648, da annoba suka karya Rothenburg, fatauci ya sauya hanya, ba kuɗin rushe tsohon gida a gina sabo. Talauci ne ya adana garin. Da masu zane suka gano shi a ƙarni na 19, sai abin da ya zame musu kunya ya koma abin sayarwa.

Bazazzagi: Ka ga ka faɗa da bakinka. Gari ya talauce, fatake suka daina zuwa, mutane suka watse. Me ake kiran wannan?

Injiniya Stuttgart: Tsohon birni.

Bazazzagi: Ƙauye mai katanga.

Shugaban Zaure: In dai ganuwa ake magana, a yi mana ladabi. Sarki Gijimasu ya fara ta Kano tun wajen 1100, lokacin ko takardar 'yancin da Injiniya yake tinƙaho da ita ba a yi mafarkinta ba. Gidan Rumfa tun ƙarni na 15 yake, kuma har gobe da sarki a ciki, ba mai yankar tikiti a ƙofa. Kai, Bajamushe ma da kansa ya shaida. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta mutum 30,000 mazauna, ban da baƙin fatake. Yau shekara nawa Rothenburg ba ta kai rabin haka ba?

Bazazzagi: To fa, Kanawa sun iso. Ranka ya daɗe, ina ganuwar take yanzu? In ka nuna mini inda zan hau in zagaya kamar yadda yaron nan ya faɗa, ni zan biya kuɗin mota. Rabi an yi bulo da ƙasarta, rabi an kafa shaguna. Kuma in ana maganar ganuwa a ƙasar Hausa sunan wa ake kira? Ganuwar Amina ake cewa.

Shugaban Zaure: Bazazzagi, ba da kai nake ba.

Ɗan Damagaram: Mu a Zinder unguwar Birni tana nan da fadar Sultan, kowa ya zo ya gani. Kanawa kuwa in suna alfahari da katanga a tambaye su labarin yaƙinmu da su a Gezawa.

Shugaban Zaure: Kun shiga garin?

Ɗan Damagaram: Ba mu ga abin ɗauka ba ne.

Bakatsine: Duk ku gama, Gobarau na tsaye.

Malam Ticha: Jama'a, Jamus ake magana. Kuma tunda an taɓo gyara da rushewa, a faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Abin da Alhaji ya gani ba duka ne na asali ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 16 ga Maris 1945 jiragen Ingila suka ƙone kusan duk tsakiyar Würzburg a dare ɗaya. Ranar 31 ga watan jiragen Amurka suka rushe wajen kashi 40 cikin 100 na Rothenburg, har da wani sashe na ganuwar. Da gudummawa aka sake gina ta, shi ya sa in kana tafiya a kai za ka ga alluna a jikin bango ɗauke da sunayen waɗanda suka biya kuɗin mita ɗaya ko biyu, wasu daga Japan, wasu daga Amurka. Su sun mayar da ita yadda take. Mu in mun rushe ƙofa sai mu mayar da siminti da fenti.

Ɗalibi Würzburg: Haka ne Malam, na nuna wa Kawu allunan. Cewa ya yi ashe su ma suna yin gidauniya.

Injiniya Stuttgart: Malam, ka ce ba na asali ba ne kamar wani abin kunya. Gini ai ana gyara shi. Fadar Würzburg an gama ta a 1744, zanen da ke saman matakalarta ya tsira daga wutar, UNESCO ta sa ta a jerinta tun 1981. Wannan ma ƙauye ne?

Alhaji Mai Tirela: Ban ce Würzburg ƙauye ba ce. A can na samu shawarmar Turkawa mai halal. Daga nan kuwa har Augsburg burodi da cuku na yi ta ci.

Maman 'Yan Biyu: Wato inda aka ci aka ƙoshi shi ne birni.

Bakatsine: Ni an ba ni labari wai da giya aka ceci Rothenburg ɗin nan. Gaskiya ne?

Malam Ticha: Labarin baka ne. An ce a 1631 da janar Tilly ya ci garin, ya yi alkawarin ba zai ƙone shi ba in aka samu wanda zai shanye tulun giya mai fiye da lita 3 a zuƙa ɗaya, sai wani tsohon magajin gari ya shanye. Fiye da shekara 100 bayan yaƙin aka fara rubuta labarin. Amma har yau akwai agogo a dandalin kasuwa da 'yan gumaka ke leƙowa suna kwaikwayon abin.

Bakatsine: A'uzubillahi. Birnin da gwarzonsa mashayi ne.

Injiniya Stuttgart: Ka dai ce birni. Na gode.

Bakatsine: Da gatse na faɗa.

Ɗalibi Würzburg: Tunda an ambaci Augsburg, Kawu bai gaya muku Fuggerei ba. Unguwa ce da attajiri Jakob Fugger ya kafa wa talakawa a 1521, da bangonta da ƙofofin da ake rufewa ƙarfe 10 na dare. Kuɗin haya har yau santi 88 ne a shekara, bai kai yuro ɗaya ba, sai sharaɗin ka zama ɗan Katolika mabuƙaci kuma ka yi addu'a sau uku kullum. Shekara 500 ba a ƙara haya ba.

Maman 'Yan Biyu: A tura wa masu gidajen haya na zauren nan. Sun san kansu.

Alhaji Mai Tirela: Hajiya, in da ni kike, siminti nawa ne yanzu?

Bazazzagi: Tsaya. Tana da bango, tana da ƙofa. A ƙa'idar Malam Ticha ita ma birni ce ke nan? Gidan yari ma birni ne?

Malam Ticha: Na ce da mai mulki a ciki. Ka koma ka karanta.

Bazazzagi: Gandiroba fa?

Injiniya Stuttgart: Wallahi shi ya sa ba na son muhawara a nan. Kuma Alhaji, yaron ya gaya mini an aiko takardar biyan tara kan gudun mota. Hanyar ba irin babban titin da ake sakin mota ba ce, cikin gari kilomita 50 ne a awa, bayan gari 100. Ko ita ce asalin fushin?

Alhaji Mai Tirela: Kai ɗan nan, har waje kake kai maganar gida? Zan yi magana da uwarka.

Ɗalibi Würzburg: Kawu, sunana ne a takardar hayar, ni aka aiko wa.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan taƙaita. Na bi bayanan kowa. An tabbatar cewa garuruwan nan ƙanana ne, Injiniya da kansa ya ba da adadi. An tabbatar cewa bayan 1945 aka sake gina wani sashe nasu, Malam Ticha ya kawo ranaku. An tabbatar cewa ganuwar Kano ta girme takardar 'yancin Rothenburg, kuma Bajamushe ya zo ya ga Kano da idonsa ya rubuta, ba wanda ya musa. Saboda haka a iya ce musu birane don girmama Malam, amma ƙananan birane, irin waɗanda hakimi ke riƙewa. Maganar Bazazzagi da ta Ɗan Damagaram ba su cikin batu, na share wasu. Batun tara kuma na cikin gida ne, a bar wa Alhaji da ɗansa. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.