Rufaffen Direba a Kan Linux: Sata Ce Ko Ba Sata Ba?

Sadisu Mai Kafe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Ina da na'urar ɗaukar zanen yatsa guda uku a shagona, da su nake yi wa mutane rajista. Na saye su ne don na ga hoton tsuntsun Linux ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Direban da kamfanin ya bayar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, fayil ɗaya ne rufaffe, babu kod ɗin da aka rubuta shi da shi, kuma a kan Ubuntu 18.04, wani nau'in Linux, aka gina shi. Makon jiya na goge kwamfutocin na sa 22.04, tunda tsohuwar an daina aiko mata gyara kyauta tun 2023. Shi ke nan fa. In na buga lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB, ina ganin na'urar, jar fitilarta tana kamawa, amma manhajar ta ce babu ita. Na rubuta wa kamfanin, amsarsu layi biyu: mun daina kula da wannan samfurin, ka sayi sabo. Jama'a, kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ba a kan lasisin GPL yake ba, wanda ya ce duk wanda ya gina abu daga kod ɗin ya raba wa mutane sai ya buɗe nasa kod ɗin? Mutane sun yi shekara talatin suna gina shi, wani ya zo ya hau kai ya ci kuɗi, ya kulle nasa a aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan sata ce tsirara.

Barista Umar: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam Sadisu. Amma ka janye kalmar sata. Me aka sace, kuma a hannun wa?

Shamsu: Kada ka janye, Yaya Sadisu. Sata ce. Duk wanda ya rufe kod ɓarawo ne.

Barista Umar: Ƙanina, ka buɗe fayil ɗin COPYING na kenel. Tun farkon shekarun 1990 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya sa wata sanarwa a gaban lasisin, wadda ma'anarta ita ce: manhajar da ke neman hidimar kenel ta hanyar kiran sistem na yau da kullum ba a ɗaukar ta tsatson kenel, amfani ne kawai. Yanzu an ware ta da suna Linux-syscall-note. Ka ɗauki kenel a matsayin cikin gida, kiran sistem kuma zaure. Wanda ya tsaya a zaure ya yi sallama aka miƙo masa ruwa bai zama ɗan gida ba, dokar cikin gida ba ta hau kansa ba. Direban Malam Sadisu a zaure yake tsaye, kuma ina kyautata zaton ta libusb, laburaren da manhajoji ke bi su yi magana da USB, yake magana da na'urar. Ita kuma libusb lasisinta LGPL ne, ya yarda rufaffiyar manhaja ta jingina da ita. Mai gida da bakinsa ya ce a shigo zaure. Ina satar?

Malam Nasiru: Barista ya yi gaskiya ta wannan fuska. Sata tana da sharuɗɗa a wurin malamai: a ɗauki dukiyar wani a ɓoye, daga ma'ajiyarta, ta kai nisabi. A nan ba a ɗauke komai ba, kenel yana nan inda yake. In akwai laifi, ya fi kusa da algus, tunda an buga alama a kwali an bar mai saye cikin duhu.

Shamsu: Allah ya gafarta Malam, ba fatawa muka zo nema ba. Zauren kwamfuta ne.

Malam Nasiru: Kai ka kira mutane ɓarayi. Wanda ya ɗauko kalmar shari'a dole ya ji sharuɗɗanta.

Rukayya: Malam Sadisu, ka buga ldd a kan fayil ɗin nan, zai nuna laburaren da yake nema, ka turo abin da ya fito. 22.04 ta zo da sabon laburaren tsaro OpenSSL 3, ta bar tsohon, libssl1.1, kuma tsofaffin fayiloli da yawa a nan suke faɗuwa. Ka turo lambar na'urar daga lsusb ma, a duba ko tana cikin jerin da libfprint, buɗaɗɗen direban na'urorin zanen yatsa, ke ɗauka.

Kabiru Zane: Ni abin da ke ba ni haushi da 'yan Linux ke nan. Kamfani ya zuba kuɗi ya yi bincike, ya biya injiniyoyi, sai a ce ya zube sirrinsa a kasuwa don kawai wani ya rubuta kenel kyauta. Ai kyauta kyauta ce. In ka ba mutum riga ba ka bin sa kana duba aljihunta.

Shamsu: Wa ya ce maka kyauta ce? 'Yanci ake nufi, ba kyauta ba. Ka je ka yi karatu.

Injiniya Bala: A hankali, Shamsu. Kabiru, GPL ba riga ba ce, ta fi kama da waƙafi mai sharaɗi: ka sha daga rijiyar, amma in ka faɗaɗa ta ka raba wa mutane, abin da ka ƙara ya shiga waƙafin. Kuma kotu ta san da wannan. Harald Welte ya kai kamfanoni ƙara a Jamus ya yi nasara, Sitecom a Munich a 2004, D-Link a Frankfurt a 2006. Amma duk waɗannan kan kod ɗin GPL ne da aka ɗauka aka zuba a cikin na'ura aka sayar. Ba irin na Sadisu ba ne.

Abin da nake so ku gane shi ne, su kansu masu kenel sun san wannan ƙofar, sun yi faɗa a kanta. A Disamba 2006 ana tattauna UIO, wato tsarin da ke ba da dama a bar ɗan guntun direba a cikin kenel, sauran ya zauna a waje. Wasu suka ce wannan hanya ce ta zagaye GPL. Zancen ya yi zafi har Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da kenel, ya kawo gyaran da zai hana loda duk modul ɗin da ba GPL ba, wato guntun da ake ɗorawa cikin kenel, daga farkon 2008. Linus ya ƙi amincewa, aka janye. UIO kuma ta shiga kenel 2.6.23 a 2007. Wanda ya fi kowa haƙƙin cewa an yi masa sata ke nan, bai ce ba.

Shamsu: Linus ɗin da ya ɗaga wa Nvidia, masu yin katin hoto, yatsa a gaban kyamara a jami'ar Aalto a 2012? Ya ce su ne kamfani mafi muni da suka taɓa hulɗa da shi. Kada a mayar da shi lauyan kamfanoni.

Kabiru Zane: Ka bar Nvidia ta huta. Da katinsu nake ciyar da iyalina. Kuma tun Mayu 2022 suka buɗe modul ɗinsu na kenel a kan GPL da MIT. Me kuma kuke nema?

Injiniya Bala: Sun buɗe na cikin gida, gaskiya ne. Amma CUDA da direbobin OpenGL da Vulkan da ke waje suna nan a rufe, kuma aiki mai yawa ya koma cikin famwaya, wato manhajar da ke gudana a kan katin kansa. Ka ga maganar Sadisu ce ta dawo da babbar riga.

Kabiru Zane: To ai halal ne, Barista ya faɗa.

Barista Umar: Ban ce halal ba. Na ce bai karya lasisi ba. Kada a sa mini magana a baki.

Auwal Farm Centre: Ku da kuke ta jayayya, ku duba wayar da ke hannunku. Kullum sai na buɗe wayoyi a kan tebur ɗina, yawancinsu MediaTek ko Unisoc ne a ciki, wasu Qualcomm. Duk kenel ɗin Linux ne. Ɓangaren hoto, Mali ko PowerVR ko Adreno, guntun da ke cikin kenel a buɗe yake, amma wanda ke yin ainihin aikin yana waje a rufe. Kyamara haka, zanen yatsa haka. Google da gangan ta tsara Android a haka, har laburaren C nata daban ta yi, Bionic, a kan lasisin BSD. Shi ya sa masu haɗa ROM, wato Android na kansu, sai sun kwafo waɗancan fayilolin daga tsohuwar wayar kamar mai kwashe garwashi. Waya lafiyarta ƙalau, allo garau, batir sabo, amma ba za ta hau sabon Android ba don babu mai iya sake gina fayil biyar. In sata ce, to kowa a zauren nan yana yawo da kayan sata a aljihu.

Shamsu: Ni dai kwamfutata Arch Linux ce, babu rufaffen abu ko ɗaya.

Auwal Farm Centre: Katin Wi-Fi ɗinka da wace famwaya yake tashi?

Kabiru Zane: Bar shi. Kuma shi Sadisu mai kiran mutane ɓarayi, kwamfutar da ke kan teburin karɓar kuɗinsa Windows ce. Na gani da idona. Ya nuna mana rasidin lasisinta.

Sadisu Mai Kafe: Kabiru, ka ji tsoron Allah. Da lasisinta na saye ta, sitika na nan a ƙasanta. Kuma ban kawo kukana nan don a tona mini shago ba. Bashin bugun takardun da nake bin ka ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kabiru Zane: Yanzu ai ka faɗa.

Habibu, mai kula da zaure: Maganar bashi a koma da ita gefe. Saƙo na gaba a kanta zan goge.

Rukayya: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Lasisi abu ɗaya ne, karɓar direba cikin kenel abu ne daban. A 2010 Qualcomm ta kawo buɗaɗɗen guntun kenel na katin hotonta alhali na wajen a rufe yake. Dave Airlie, mai kula da sashen hoto, ya ce ba zai karɓi irin wannan ba, kuma har yau ƙa'idar a rubuce take a takardun DRM, wato sashen hoton: sabuwar ƙofa tsakanin kenel da waje ba ta shiga sai da buɗaɗɗiyar manhajar da ke amfani da ita. Dalilin a fili yake. Dokar Linus ita ce ba a karya abin da ke aiki a waje. To in ka karɓi ƙofar da rufaffen fayil kaɗai ya san yadda ake bi ta cikinta, ka ɗauki alkawarin riƙe ta har abada, ba ka iya gwada ta, ba ka san ko tana da ramin da za a bi a karanta ƙwaƙwalwar wani ba. Kamfanin ya tafi, kai an bar ka da jinya. An sake wannan rigimar a kan direban Habana Labs da ya shiga a 2019 ta wata ƙofar, ba ta sashen hoto ba. Kuma buɗaɗɗun direbobin hoto irin su Freedreno da Panfrost da Lima duk sun samu ne don mutane sun zauna sun warware yaren na'urorin da kansu.

Shamsu: Kun ji ko? Airlie ma ya ce sata ce.

Rukayya: Bai ce ba. Ka sake karantawa.

Malam Nasiru: Ni har yanzu ina kan algus. Kuma kalmar waƙafi da Injiniya ya kawo ma akwai gyara, domin mai waƙafi yana fita daga mallakar amfanin abin, su kuwa marubutan kenel kowa yana riƙe da haƙƙin rubutunsa.

Injiniya Bala: Misali na bayar, Malam, ba hukunci ba.

Barista Umar: Algus ɗin ma sai an ga abin da aka rubuta a kwalin. In sun ce Ubuntu 18.04 ƙarara, sun fita. In Linux kawai suka ce, wannan maganar kare haƙƙin mai saye ce, ba ta GPL ba. Kuma ko a cikin kenel ɗin iyakar ba ta fito fili a kotu ba. Christoph Hellwig, ɗaya daga marubutan kenel, ya kai kamfanin VMware ƙara a Hamburg a 2015, aka kori ƙarar a 2016, ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi a 2019, ba tare da an yanke asalin tambayar mene ne tsatson kenel ba.

Shamsu: Lauyoyi dai kullum kuna bayan mai kuɗi.

Barista Umar: Na girme ka da shekara ashirin, Shamsu. Ka iya bakinka.

Habibu, mai kula da zaure: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da zaure ya tsaya a kai shi ne: rufe direba zalunci ne ga mai saye, ko a cikin kenel ko a waje, kuma manyan masu kenel ba su taɓa son sa ba, shaida ita ce takardar da sama da mutum ɗari daga cikinsu suka sa wa hannu a 2008 suna cewa rufaffen modul cutarwa ne. Malam Nasiru ya tabbatar mana algus ne. Injiniya ya nuna kotunan Jamus suna tare da mu. Auwal ya nuna yadda ake kashe wayoyi masu rai. Masu kare kamfanoni ba su kawo hujja ba sai son kati. Daga yau duk ɗan zauren nan ya duba ko na'ura tana da buɗaɗɗen direba kafin ya biya. An rufe.

Barista Umar: Malam Habibu, takardar 2008 a kan modul na cikin kenel take, ba ta ambaci na waje ba. Kuma sanarwar Linus da na kawo tun farko ba ka sa ta a taƙaitawar ba.

Injiniya Bala: Ni ma cewa na yi shari'o'in Jamus ba irin na Sadisu ba ne.

Malam Nasiru: Na ce ya fi kusa da algus. Ban tabbatar ba.

Habibu, mai kula da zaure: Na ce an rufe.

Sadisu Mai Kafe: Malama Rukayya, sai yanzu na ga saƙonki na farko, ya nutse a sama. Na buga ldd ɗin. Layi ɗaya ya ce libssl.so.1.1 babu, wani kuma libcrypto.so.1.1 babu. Gobe ƙarfe takwas ina da mutum goma sha ɗaya da na ba alkawari. In sauko da fayil ɗin daga intanet in jefa a ciki?

Rukayya: Kada ka ɗauko daga shafin da ba ka sani ba, zanen yatsun mutane ne ke bi ta wurin. Ka mayar da kwamfuta ɗaya kan 18.04 yau da dare don mutanen gobe, kada a yi wani aiki a kanta sai rajistar. Jibi sai mu gwada sa manhajar a cikin kwantenar 18.04, wato keɓaɓɓen wuri mai kayan 18.04 a cikin sabuwar, a miƙa mata USB ɗin. Turo mini lambar lsusb ta gefe.