Neman shawara kan hoton nukiliya na zuciyar mahaifina

Assalamu alaikum, likitoci. Daga Damagaram nake rubutowa. Mahaifina mai shekara 67 yana jin matsewar ƙirji idan ya yi tafiya, kuma likita ya ce a kai shi Yamai a yi masa sintigrafi, wato hoton da ake ɗauka bayan allurar sinadarin nukiliya mai suna teknesiyum-99m, da ke nuna yadda jini ke isa tsokar zuciya a hutu da kuma bayan gajiya. Inda na cije shi ne, gwiwoyinsa ba za su iya taka keken gwajin ba, maganin adenosin da ake bayarwa a madadinsa kuwa yana iya tayar masa da asma. Shin gwajin da dobutamin, wato maganin da ke sa zuciya bugawa da ƙarfi kamar an motsa jiki, zai nuna girman haɗarin daidai? Ina son sani kafin mu ɗora wa tsoho tafiyar kusan kilomita 900.