Wa ya taɓa auna ko ana bin ƙa'idar maganin hawan jini a wurin aikinsa?

Mai harhaɗa magunguna: Salamu alaikum. An ɗora mini aikin duba ko masu rubuta magani a asibitinmu suna bin ƙa'idar ƙasa kan hawan jini. Na fara da takardun da ke zuwa tagarmu. In maganin yana cikin rukunai ukun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba a 2021, wato dangin hydrochlorothiazide, dangin amlodipine, da dangin lisinopril ko losartan, sai in rubuta "an bi". Kusan kowa ya haye. Amma mutanen da nake miƙa wa maganin nan wata bayan wata, jininsu bai sauka ba. Waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muka yi namu, tun a wurin awo muka maƙale. Katuna da yawa akwai magani, babu awon ranar. Inda aka rubuta kuma, kusan duk lambobin da sifiri suke ƙarewa, 140/90, 150/100, alamar ana daidaita su ne da ido. Ga mutum ya shigo yana haki, ba a bar shi ya zauna ko minti biyar ba an ɗaura masa abin awo, wani lokaci ma ƙarami a dantse mai kauri, wanda ke sa awon ya haura gaskiyarsa. In awon bai inganta ba, da me za a gane likita ya yi daidai?

Likita a ɓangaren marasa kwanciya: Gaskiyarki, Sista. Ni an taɓa auna ni, kuma abin ya yi mini ciwo. An rubuta cewa na kauce wa ƙa'ida a kan wata mata da na ba methyldopa, wanda ba ya cikin rukunai ukun nan, alhali juna biyu gare ta, kuma lisinopril na iya cutar da abin da ke cikinta. Wani na cire masa hydrochlorothiazide saboda gaɓoɓinsa na kumbura da ciwon gawut, wani kuma tarin da lisinopril ya jawo masa ya hana shi barci na mayar da shi kan losartan. Wata rana kuma maganin ne babu a ma'ajiya. Malam, ka buɗe gurbin "dalili" a takardarka, kuma ka karanta katin gaba ɗaya.

Likitar zuciya: Na yarda da Likita, sai dai ni abin da ke damuna yana wani wajen. Da muka zauna da katunanmu, zaɓen magani bai zama matsala ba. Abin da muka yi ta gani shi ne mutum ya zo da 160/100, yana kan amlodipine miligiram 5, a rubuta masa "ci gaba da magani". Ya dawo haka, a sake rubuta haka. Shekara ta zagayo yana kan ƙwaya ɗaya. A lissafinka, Malam, duk ziyarar nan "an bi" ce, alhali ƙodarsa da zuciyarsa suna ta shan wahala.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 tana son a kai mutum ƙasa da 140/90, mai ciwon zuciya kuma lambar sama ta sauka ƙasa da 130. Tana son a gan shi duk wata har ya kai, sannan a koma wata uku zuwa shida. Yawancin masu hawan jini kuwa sai da magani biyu, in da hali a ƙwaya guda. Don haka ka ware waɗanda awonsu ya wuce 140/90 a ranar, ka ƙirga nawa aka ƙara wa ƙarfin magani ko aka haɗa musu na biyu, nawa aka tambaya ko suna sha kuwa. A nan ne kan mu ya sunkuya, har da mu manya.

Akwai kuma abubuwan da ba na karɓar uzuri a kansu: haɗa lisinopril da losartan wa mutum ɗaya, da ɗiga nifedipine mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe don a faɗo da jini nan take.

Jami'in adana bayanai: Ranki ya daɗe, bari in ƙara ta ɓangaren ɗibar katunan da za a duba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1993 kan binciken amfani da magani ta ba da shawarar takardu akalla 600, misali 30 daga cibiyoyi 20, in kuma cibiya ɗaya ake son yi wa hukunci to akalla 100. Mu tsofaffin katuna muka ɗiba daga watanni daban-daban, don da zarar an ji ana bincike rubutun kowa kan gyaru na ɗan lokaci. Kuma ba mu kira sunan kowa a taro ba, kowane likita an miƙa masa nasa a hannu.

Mai harhaɗa magunguna: Allah ya saka da alheri. Gobe ɗakin katuna zan nufa, da gurbin awo, da na dalili, da na matakin da aka ɗauka. Saura tambaya ɗaya, Likita: wanda aka ɗora kan lisinopril ba a yi masa gwajin ƙoda da sinadarin potassium ba saboda ɗakin gwajin ba ya aiki, a wane layi zan sa shi?